Sule Goman da Ba Ka Samu Ba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ka ba, amma yau da na tashi daga aiki ba wanda nake so in yi wa magana sai kai.

Inna tana lafiya, sai dai gwiwar nan. Ta ƙi barin Sevran, can gefen Paris, ta dawo wurina, ta ce ba ta san kowa a Lyon ba sai ni. Butik ɗinka, shagon nan na unguwar Barbès kuwa, Yaya Sani ya kwashe atamfofin ya zuba wayoyi. Na ƙyale shi, shi ke tsaye a ciki. Amma da ya kai hannu kan albom ɗinka na tsofaffin kuɗi, sai da aka ji mu.

Wani Bature mai sayen irinsu Yaya ya samo. Na hau jirgin ƙasa na zo Paris muka je tare. Mutumin ya sa safar hannu, ya ware fam-fam ɗin da suke kamar yau aka buga su, ya ture sauran gefe da ɗan yatsa, wai sun ji jiki, ba mai so. Baba, waɗanda ya ture ɗin ai su ne naka. Sule biyar ɗin nan mai tabon manja, da fam ɗin da aka yi ta ninkewa har ya kusa rabuwa biyu. Na rufe albom ɗin, na sa a jaka, na fito. Yaya ya biyo ni har bakin tashar jirgin metro yana faɗa. Har yau ba ya ɗaukar wayata. Zai huce.

Ka san a kan takardun kuɗin nan na koyi Hausa? A makaranta Faransanci, da Yaya ma Faransanci. Sai ranar Lahadi in ka buɗe albom kana ba ni labarin hannun da kowace ta bi, mai ƙosai, ɗan koli, falke, a nan bakina ya saba da Hausa. Kai ka ɗauka haƙuri nake yi da kai. Wallahi jiran ranar nake yi, ban dai taɓa gaya maka ba.

Saura gurbin nan da ka bari a albom ɗin: sule goma mai hoton masu jera buhuna, irin wadda aka fara biyan ka da ita da ka baro Maraɗi kana saurayi, ka yi dakon gyaɗa a Kano kafin zuwan naira. Na gan ta nan Lyon, a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi. Sabuwa fil, cikin leda. Na daɗe riƙe da ita, sannan na mayar. Me za ka yi da wadda ba ta taɓa kwana a aljihun kowa ba?

Malam Idi, abokinka na Clichy, ya ce yayarsa a Jibiya tana da wasu a ƙasan adaka, canjin kuɗi ya zo ya wuce ba ta canza ba. Ta ce ba ta sayarwa, ba ta kuma aikawa. Mai so ya zo ya gaishe ta. To, na ɗauki hutu, na yanki tikiti. Inna tana ta maganar hanya, wai ban taɓa zuwa gida ba sai tare da kai. Gaskiyarta. Wataƙila ma ba irin wadda nake nema ba ce, Malam Idi bai tabbatar ba. In ba ita ba ce, zan tambayi gida na gaba.

Ta Maraɗi zan bi. Tun da aka kai ka gida ban ga inda ka kwanta ba. Na san ba za a bar ni in shiga maƙabarta ba, zan tsaya daga bakin katanga in yi maka addu'a, da Hausar da ka koya mini.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

'Yarka,
Uwani