Hular da Ka Ɗaga Mini

Landan, ranar Alhamis, watan Mayu 1794

Zuwa ga Ambrose nawa, sanyin idona, hasken da ke keto hayaƙin garin nan ya sauka a kan teburina, raɓar safiya a kan ciyawar da ba a taka ba. Ya kai mai taushin hannun da ya saba da siliki, mai taurin kan da ya fi duwatsun gadar Landan! Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewarka har kewar ta fara komawa haushi, haushin kuma ya gaji ya sake komawa kewa.

Jiya Obadiah, abokin aikinka na kantin yadi, ya tsaya a ƙofar bayan shagonmu na sayar da hotunan zane yana murza hularsa kamar mai saƙon mutuwa. Ya ce ka haɗa akwatinka. Ya ce ranar Litinin da sassafe za ka hau keken fasinja zuwa Norwich wurin kawunka, ba kuma da niyyar dawowa ba, domin tun da aka kafa zanenka a tagarmu ba ka iya ratsa titi sai wani ya yi maka haniniya daga baya. Na tambaye shi ko ka ba shi saƙo gare ni. Ya dubi takalminsa, ya dubi sama, ya ce kamar za a yi ruwa. Haba Ambrose! Haka ake barin mutum? Kuma da me za ka gudu? Wannan keken fa dawakai ne za su ja shi, kuma ina jin ba su da labarin sulhu tsakaninku.

Bari in tuna maka yadda abin ya faro, tunda kai ka zaɓi ka tuna ƙarshensa kaɗai. Wata Lahadi muna tafe a Hyde Park, hannuna cikin naka, muna kallon masu hali suna kai da kawowa a kan dawakansu, na ce wani mutum mai farin doki ya iya zama a sirdi. Iyakar abin da na ce ke nan, kuma na faɗe shi ne kamar yadda ake cewa yau sama ta yi kyau. Kai kuwa da muka isa gida, ko shayin da gwaggona Hester ta zuba maka ba ka shanye ba. Da Lahadi ta zagayo ka aiko mini in sa shuɗiyar rigata in jira ka a jikin shingen hanyar mahaya, gindin babbar bishiyar nan. Ban san dalili ba, amma na sa rigar, na je na tsaya.

Can sai na hango ka. Wayyo masoyina, na hango ka! Kana bisa wani dokin haya mai dogon wuya da idon mugunta, ka miƙe ƙyam kamar sandar awon yadinka, gwiwoyinka sun kusa taɓa ƙirjinka don an ɗaure maka likkafa irin ta gajere. Hannuwanka biyu sun damƙe linzami, kuma daga baya Obadiah ya gaya mini mai bargar ya ja maka kunne cewa ko sama za ta faɗo kada ka saki ko ɗaya. Mutane sun fara taɓa juna suna nuna ka. Ni ban ga abin nuni ba. Na ga mutumin da bai taɓa hawa ko jaki ba, ya hau abin da yake tsoro saboda wata magana da na yar a hanya ban ma san ta faɗi ba.

Sai idonka ya faɗa a kaina. Daga inda nake na ga yaƙin da ake yi a fuskarka: ga gargaɗin mai barga, ga kuma tarbiyyar da uwarka ta yi maka cewa namiji ba ya wuce macen da ya sani da hula a kansa. Na so in ɗaga murya in ce bar ta, na yafe! Kafin in buɗe baki ka saki linzami, ka cire hular, ka miƙo ta wajena da irin sunkuyon da kake yi wa matan manya a kanti. Dokin ya ga baƙin abu ya gifta ta gefen idonsa, ya yi tutsu. Ka bar sirdi. Ka yi sama, ka sauko cikin taɓon da ruwan da aka kwana ana yi ya bari, kuma duk wannan tafiyar hular tana hannunka, a ɗage, ko ɗigon laka bai taɓa ta ba.

Na yi dariya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma sai da na ga ka motsa ƙafafunka biyu sannan na yi ta, kuma da hawaye ta fito. Na tsallaka shingen ina kiran sunanka. Ka tashi, ba ka dube ni ba, ka juya ka bi ta cikin bishiyoyi kana ɗingishi. Tun daga ranar ban sake sa ka a idona ba, in ban da a takarda.

Ka san Mista Dunstable, mai yi wa shagonmu zanen zolaya, ba ya fashin zama a shingen nan duk Lahadi da fensirinsa, kamar kyanwa a bakin ramin ɓera. Kafin mako ya ƙare ya sassaƙa ka a farantin tagulla, an buga, an hauro mana da kai sama. Ka taɓa hawowa ɗakinmu sau ɗaya, ka ga yadda muke aiki: dogon tebur, takardu suna zuwa da baƙin layi kawai, kowace mace da launinta guda. Sukey ce mai ja, ni ce mai shuɗi, takarda tana bin hannu daga wannan zuwa waccan har ta kai ƙarshen tebur. Sukey ce ta fara ɗaga takardarka. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, “Keziah, zo ki ga angonki, an kira shi sama ya amsa.” Ɗakin ya ɗauki dariya. Mista Dunstable ya ƙara maka hanci, ya rage maka ƙwauri, ya sa wata mai tallan lemo tana faɗuwa da kwandonta wadda ni ban gani a wurin ba. A ƙasa ya rubuta: Mahayin Lahadi Yana Gaida Ƙasa. Na so in yage ta. Sai na tsoma burushina a shuni na fara yi maka shuɗin sararin sama, domin aikina ke nan.

Na daɗe a teburin nan, Ambrose, kuma babu irin faɗuwar da ba ta wuce ta ƙarƙashin hannuna ba. Na yi wa attajirin da ya hau doki yana fuskantar wutsiya shuɗiyar riga. Na yi wa limamin cocin da goɗiyarsa ta ajiye shi a kududdufi ruwan kududdufin. Na yi wa matar da gashin aronta ya kama wuta a wurin rawa labulen da ke bayanta. Na yi musu dariya duka, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ina suka nufa da safiyar nan ba, ko wa ya ɗaura musu wuyan riga, ko wa ke jiransu a gindin wata bishiya. Zanen yana kama mutum ne tsakanin sirdi da ƙasa, ya bar shi a nan har abada. Ba ya nuna hawansa, ba ya nuna tashinsa. Na tari Mista Dunstable a matakala na tambaye shi ko ya san wa mutumin nan yake ɗaga wa hula. Ya share taba daga hancinsa, ya ce, “Yarinya, ni faɗuwa nake sayarwa, ba dalili ba.” Ban ji haushinsa ba, don gaskiyar sana’arsa ya faɗa, kuma daga ita nake ci.

Amma akwai abin da ya zana bai san ya zana ba. Hannunka na dama a miƙe yake, hular tana nuna gefen takardar, inda babu komai sai fari. Masu cincirindo a tagarmu hular suke yi wa dariya fiye da komai: dubi sakarai, wuyansa zai karye amma hularsa yake ceto! Ni kaɗai a duk Landan na san wa ke tsaye a wannan farin wurin. Idan takardar ta zo gabana, nakan ɗan juya ta don in ji daɗin yin saman, sai hular ta fuskanci ƙirjina. In gama, in tura, wata ta zo, ka sake ɗaga mini. Tun safe har hasken taga ya ƙare kana gaishe ni, kana cikin iska, ƙasa tana jiranka, ba ka fasa ba. Wace mace ce aka taɓa yi wa haka? Wace sarauniya? Kai kana can ka rufe kanka a ɗaki kana ganin an tozarta ka, ni kuwa ina nan ana miƙo mini hujjar ƙaunarka da hannun mutanen da ba su san abin da suke ɗauke da shi ba.

To ga abin da na yi, kuma gara ka ji daga bakina. Dokar Madam Gambrell, mai shagonmu, guda ce: burushi ba ya fita daga layi. Ranar Litinin da ta wuce na fitar da nawa. A gefen dama, daidai inda hular ke nuni, na ja shuɗi siriri daga sama zuwa ƙasa, na fito da gefen siket da bakin hannun riga, kamar mace tana tsaye rabinta a waje. Na yi a ta farko. Na yi a ta biyu. Na yi a duk wadda ta zo gabana ranar.

Da yamma Madam ta hauro da guda a hannu, fuska a murtuke, ta tambayi wace ce ta yi wannan ɓarna. Na ce sama ce ta zubo. Sukey, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin sama mai leshi a bakin hannu ba. Madam ta ce in na sake, in nemi wani teburin. Amma an riga an kafa guda a taga, kuma washegari masu saye suka fara cewa mai shuɗin suke so. Masu hayar kundin zane don nishaɗin baƙinsu suka dawo suna tambaya ko matar wani babba ce, ko ’yar wasan dandamali. Yanzu Madam da kanta take leƙowa ta ga ko na manta ban sa ba. Ka ga halin garin nan: abin da na yi don kai, sun mai da shi abin ciniki kafin ya bushe.

Sirrin bai kwana biyu ba, Sukey ta kai shi kasuwa. Da na ga haka na sa rigar na ratsa titinmu da ita da rana tsaka, a hankali, don kada wani ya wahalar da kansa da zato. Wani mai tura baro ya cire hularsa ya yi kamar zai faɗi, na ce masa ya yi a hankali, shi ba shi da wadda za ta tsallaka shinge dominsa. Gwaggo Hester ta daina yi mini magana sai ta bakin kyanwarta. Jiya ta gaya wa kyanwar cewa yarinyar da ta kafa kanta a taga kusa da namiji, babu wani mai mutunci da zai sake ƙwanƙwasa ƙofa dominta. Ban musa ba. Ina jin gaskiya ta faɗa, kuma na san haka tun kafin in tsoma burushin.

Ba zan ruɗe ka in ce gobe za a manta ba. Za a sauke ka daga taga idan wani babba ya faɗi faɗuwar da ta fi taka, amma takardun sun shiga gidaje, kuma wataƙila muna da furfura wani zai yi mana haniniya a hanya. Na auna wannan, na ga zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne safiyar Litinin. Ya ruwan da nake sha, ya iskar da ke shigo mini ta tagar sama idan ƙamshin fenti ya ishe ni, yaya zan zauna a teburin nan kana ɗaga mini hula tun safe har yamma, alhali kai kana Norwich kana auna wa wasu mata yadi? In ka tafi, kai ka fita daga zanen. Ni ce zan saura a ciki, rabina a waje, ina jiran mutumin da ba zai taɓa saukowa ba.

Saboda haka ga roƙona, guda ɗaya tak. Ranar Asabar da yamma, kafin a rufe tagar, lokacin da taron ya fi cika, zan fito in tsaya a gefen dama na gilashin cikin shuɗiyar rigar. Kowa zai gan ni, kowa zai gane. Ka zo da ƙafa, Ambrose, don Allah da ƙafa. Ka zo da hular. Ka tsaya a gabana, ƙafafunka biyu a ƙasa, ka ƙarasa gaisuwar da ka fara, domin har yau ban samu na amsa maka ba. In sun yi dariya, mu biyu za su yi wa, kuma zan riƙe hannunka har su gaji. In kuwa ba ka zo ba, zan tsaya har a sa katakon rufe taga, sannan in koma gida in gaya wa kyanwar gwaggo cewa uwar ɗakinta ta yi gaskiya.

Taka ce ni, a cikin layi da wajensa, har ranar da shuni zai fita daga ƙarƙashin farcena, kuma ka sani na daɗe da daina ƙoƙarin wanke shi.

Keziah