Na taɓa kwamfutar 'yata, allo ya ɗauke

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma wanda ya san dariya zai yi ya wuce abinsa, na sha ta ta ishe ni.

Ni mutumin Gaya ne, na haura hamsin, sana'ata gyaran rediyo tun ina saurayi. Da har daga Balan ake ɗauro min rediyo a bayan keke, yau wayar hannu ta kashe kasuwar, sai in wuni a shago ba a kawo min komai ba sai tocila. Boko a aji uku na tsaya, amma 'yata ta fari tana karatun zanen gine-gine a Kano, shekarar ƙarshe. Tana da kwamfuta irin ta tebur, a cikinta aikinta na kammalawa yake, shekara guda tana zana shi, kuma ta faɗa min da bakinta babu shi a ko'ina sai a nan. Ranar Litinin za ta miƙa. Da suka tafi aikin gani da ido na sati biyu sai ta kawo ta shagona ta ajiye, ta ce Baba kai kaɗai ka san darajar na'ura, a gida ƙannena za su jagwalgwala.

Ta sha yi min ƙorafi kwamfutar tana tsayawa idan zane ya yi nauyi, wai sai an sa mata katin hoto, girafik kad suke ce masa. Na ce a raina bari in yi wa yarinyar nan abin da za ta san ubanta bai mutu ba. Na sayar da buhun gyaɗa, na shiga Kano na sayo na hannu, na buɗe akwatin kwamfutar na zura shi a raminsa har ya yi ƙas. Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai ɗan rubutun Turanci wai babu sigina. Na cire wayar allo daga mazauninta na da na mayar jikin katin, shiru. Da na duba sosai sai na ga katin yana da wata kafa mai huji shida da ke neman wuta, akwatin wutar kwamfutar kuma ba shi da irin wannan wayar.

To a nan na yi abin da ya hana ni sukuni. Mu a gyaran rediyo idan babu waya ba ma zama jira, ƙirƙira muke yi. Na yanko siraran wayoyi, mai ruwan ɗorawa da baƙa, daga wata wayar da ke lilo a ciki, na narka dalma na liƙa su a kafar, na naɗe da salatif. Ina kunnawa na ji ɗas, sai ƙauri. Mai shekara talatin a sana'ar nan ya san wannan ƙaurin. Na zare katin gaba ɗaya, na mayar da komai yadda na same shi, na goge ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da abin goge fensir, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo na mayar, na gwada allon mai shagon hoto na kusa da ni. Fanka ta juya ta tsaya, ta juya ta tsaya. Kwana huɗu ke nan.

Wanda ya iya kwamfuta a kusa da mu ƙanin matata ne, yana Ajingi, kuma shekara uku ba ma ga maciji. A wajen wani suna ya ce min a gaban mutane wai zamanina ya wuce, in riƙe tocila in bar abin da ya fi ƙarfina, ni kuma na ce masa ko shi kaɗai ne kafintan da ya rage a duniya ba zan kai masa ƙusa ba. Matata da ta ji ƙaurin a rigata ta tsare ni, na faɗa mata, ta ce girman kaina ne zai cinye karatun 'yarta, in ban je Ajingi ba ita za ta ɗauka a ka ta kai. Na ce ta taɓa ta gani. Tun jiya ba ta ce min ci kanka ba.

Masana, ku gaya min gaskiya, abin da ya ƙone zai iya kai wa ga inda zanen yake ajiye? In an ciro ma'ajiyar an sa a wata kwamfutar, aikin zai fito? In sake kunnawa ko in bar ta haka? Sannan in kira yarinyar yau in faɗa mata, ko in hau mota gobe in je Ajingi in durƙusa wa ƙanin matata, yaron da na goya a kafaɗa?

Ɗazu da safe ta kira ni, ta ce Baba jibi Juma'a ina tafe, ina fata amanata tana lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba sai yau. Ku faɗa min ta ina zan fara.