Ƙorafin Illa Shekara Kan Baƙin Sama da Suka Sauka a Gonarsa

Zuwa ga Mai Girma Mushe Kumandan, a bironsa, wato ofishinsa
Daga Illa Shekara, manomi, bakin hanyar Dawce, Matameye
Litinin, 13 ga Oktoba 1958

Game da: Saukar wasu baƙi daga sama cikin gyaɗata, da abin da ya same ni a dalilinsu

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, ni talakanka mai suna a sama ina neman izini in shimfiɗa kukana kamar haka.

1. Ran Alhamis 25 ga Satumba, da hantsi, wani abu mai kama da tukunyar ƙarfe a kife, girmansa ya kai rumbu huɗu, ya sauko daga sama ya zauna tsakiyar gonata, saura mako biyu in cire gyaɗa. Duk inda inuwarsa ta taɓa ya ƙone ƙurmus. Mutum uku suka fito, in dai mutane ne: gajeru, masu launin toka, kowanne da ido uku. Wani ɗan akwati a wuyansu ke yi musu Hausa, wadda ta fi ta tafintanka Idrisa fita. Suka ce daga wata tauraruwa aka aiko su, su duba yadda 'yan Adam ke mulkin junansu.

2. A ranar na kawo rahoto. Idrisa ya zo da gardi biyu, dogaran hukuma, ya tsaya daga nesa, ya nemi takardarsu ta shiga ƙasa. Da suka ce ba su da ita, ya yanke cewa a dokance ba su zo ba, saboda haka babu abin rubutawa. Sannan ya umarce ni in sauke su a gidana, in zaga da su, in amsa tambayoyinsu da gaskiya. Ranka ya daɗe, kalmar ƙarshen nan tasa ce, ba tawa ba.

3. Sun tambaye ni wa ke mulkinmu, na ce Mushe Kumandan. Akwatin nasu ya fassara musu kalmar yadda mahauta suka san ta. Na yi rantsuwa cewa Faransanci ne na girmamawa, suka ce sun gane, amma ban ga sun goge abin da suka rubuta ba. Suka tambayi wa ya gina hanyar mota, na ce mu. Suka tambayi ina motarmu, na nuna musu jakina.

4. Ran Lahadi 28 ga wata na kai su wurin zaɓe. Da idanunsu tara suka ƙirga mutum ɗari biyu da sha biyu sun jefa takarda. Da yamma aka buɗe akwatin zaɓen, aka sami takarda ɗari shida da arba'in. Murna ta kama su ƙwarai, suka ce duk taurarin da suka zaga ba su taɓa ganin akwati mai haihuwa ba, suka roƙi a ba su iri. Cikin sunayen waɗanda suka yi zaɓe aka karanta na mahaifina Shekara, wanda ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Baƙin suka nemi su gaishe shi, na kai su maƙabarta. Ina miƙa godiya ga hukuma a madadinsa, don da ransa ba a taɓa tambayarsa ra'ayi ba.

5. Ran 1 ga Oktoba, kwana ɗaya bayan tashinsu, gardi suka ɗauke ni, na yi kwana goma a kaso bisa laifin ɓata sunan ƙasa gaban baƙi. Ni jahili ne, ranka ya daɗe. Ina roƙon a fahimtar da ni yadda ake ɓata suna gaban baƙin da ba su zo ba.

6. Wannan shi ne mafi nauyi, kuma da ba dominsa ba da na haƙura da gonar. Kafin su tashi, sun karanta sakamakon bincikensu a tsakar gidana. Suka ce a duk ƙasar nan mutum ɗaya suka samu mai mulki: yana saurare kafin ya yanke hukunci, yana raba abinci gwargwadon yunwar kowa, shi ne kuma na ƙarshen ci. Wai matata Habsatu. Suka gayyace ta ta je ta koyar da sarakunansu, za su dawo ɗaukarta ran Juma'a 17 ga wata bayan azahar. Na ɗauka dariya za ta yi. Da na fito kaso na tarar ta wanke tukwanenta ta kife, ta ɗaure zannuwa biyu da taɓarya, ta kai awakinta wurin ƙanwarta Kande. Na tambaye ta dalili. Ta ce shekara ashirin da biyu tana magana a gidan nan, ba a taɓa jin ta ba sai da waɗanda ko kunne ba su da shi suka zo.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a aiko wanda zai dubi gonar da idonsa, ya rubuta cewa ta ƙone, ko da za a ce da kanta ta ƙone. Ina kuma roƙon hukuma ta hana wannan tafiya, tunda ko Zinder ba ma zuwa sai da izininta.

In kuwa ikon hukuma bai kai sama ba, ni dai ban ce bai kai ba, to a taimaka a ba ni takardar izinin tafiya kafin Juma'a, in bi ta. Ta ce za ta yi mini magana wurinsu in na koyi daka. Na fara jiya.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Talakanka mai biyayya,
Illa Shekara (ya dangwala yatsa)
Malam Abdu na bakin kasuwa ya rubuta, da faɗar mai ƙorafi