Awa Hamsin na Sabon Inji

Damazin, 4 ga Rajab 1383

Zuwa ga Yaya Abdussalami,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Iya da iyalinka suna lafiya. Injin ban ruwa zai iso da lorin Talata. Shekara ukku ina kwance ƙarƙashin motocin aikin dam don in raba ka da jigo, to don Allah ka saurare ni.

Sabon inji cikinsa bai gogu ba tukuna. Awa hamsin na farko a bi shi a hankali: a tashe shi, ya yi ɗumi kafin a buɗe ruwa, kada a kai shi ƙarshen gudu. Awa biyu, a kashe shi ya huce. Jinenarmu, wato lambunmu, kaɗai zai shayar. In hamsin ta cika a zubar da zet ɗin cikinsa, wato man injin, a zuba sabo. Yaya, jinenarmu kaɗai na ce.

Ƙanenka, Jibirin

Wad Haddad, 15 ga Rajab

Zuwa ga Usta Jibirin, gwanin inji,

Sallama da gaisuwa. Babur ɗin ban ruwa ya iso, Allah shi yi maka albarka. Mun yanka rago a bakin kogi, gari duk ya fito barka. Da ruwa ya ɓullo a bututu Iya har kuka ta yi.

Surukina Malam Yalwa ya ci nama, sannan ya ce albasarsa na jin ƙishi. Ka san ba ni iya ɗaga ido in dube shi, balle in ce a'a. Na ja masa hanyar ruwa. Daga safe har la'asar injin bai ko yi tari ba. Kai ma dai, in sabo bai yi aiki ba, tsoho ne zai yi?

Yayanka, Abdussalami

Damazin, 21 ga Rajab

Yaya,

Ina gaisuwa, amma wallahi raina a ɓace yake. Safe har la'asar! Da Turanci na rubuta maka? Ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki, ba ka jin sa sai ranar da ya tsaya. Ka ce da Malam Yalwa ni na hana, ni ba surukina ba ne. Ya yi haƙurin kwana goma. Ba a ba ni hutu sai bayan Salla, da ka gan ni da kaina.

Jibirin

Wad Haddad, 29 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Jibirin,

Gaisuwa daga yayarka Ramatu. Malamin makaranta ke rubuta mini. Wasiƙarka Yaya ya karanta ya cusa a hula. Gonaki biyar yanzu ke shan ruwan injinka, don duk wanda ya ci ragon nan ya dawo da roƙo. Hayaƙinsa ya koma shuɗi. Na tsoma tsinke a zet, sai ga wani abu na ƙyalli kamar garin kwalli.

Na gaji da magana, na zare hannun da ake murɗawa a tashe shi, na binne cikin dawa a rumbu. Yaya ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Asma'u matarsa ta daina cin tuwo da ni, wai ina son albasar ubanta ta mutu. Su yi ta yi, ba ni fiddo shi sai ka ce. Gaya mini kwana nawa.

Ka huta lafiya. Ramatu

Damazin, 5 ga Sha'aban

Ramatu,

Allah shi biya ki! Ke kaɗai ke da kunne a gidan nan. Riƙe hannun nan gam. Ga galan ɗin zet na aiko, a zubar da na ciki tun yau. Bayan haka awa guda da safe, guda da yamma, kina tsaye.

Jibirin

Wad Haddad, 12 ga Sha'aban

Jibirin,

Bayan gaisuwa. Malam Yalwa ya aro hannun murɗawa wurin mai injin niƙa, ya kuwa shiga daidai. Shi ya miƙo mini da kansa, gaban mutane. Na murɗa.

Ranar Alhamis da azahar injin ya yi ƙara ya tsaya. Mu huɗu mun kama, ko motsi. Galan ɗinka ya iso Jumma'a.

Albasar Malam ta sha ta ƙoshi, tamu ce layi bai zo kanta ba. Na sake kafa jigo. Ramatu ta tono hannun ta aje gabana. Yana nan sabo fil, ban san abin da zan yi da shi ba.

Ka yafe mini.

Abdussalami