Ba Za a Kwashe Tankin Nan Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa ka gama karatun nan da ya raba mu da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Mama ƙafar ta yi sauƙi, bakin ne dai bai huta ba. Baba kuwa hannun daman sai a hankali, amma yana dogara sanda ya fito falo kullum, kuma ka san abin da ke fito da shi. Tun da ciwon nan ya kayar da shi ba ya son rediyo, ba ya son baƙi, sai dai ya zauna gaban tankin kifinka yana kallo.

A kan tankin ne ma na ɗauki biro, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce in abin ya fi ƙarfina in kira mai shagon kifi ya kwashe. Yaya, wallahi ba za a kwashe ba. Bari ka ji yadda aka yi.

Wata ƙura ce mai launin ƙasa-ƙasa ta fara kwanciya a kan yashi, ta hau duwatsu, ta rufe gilashi. In goge da safe, in dawo aiki in tarar kamar ban taɓa ba. Har koren murjanin nan mai rai da kake ji da shi a cikin tankin ya daina buɗewa sosai. Na ɗebi ruwan a kwalba na kai wa mai shagon. Ya ce wata 'yar gansakuka ce, dayatom, wadda ta saba kama sabon tanki. In ta bayyana a wanda ya shekara da shekaru kamar naka, to akwai abin da ke ciyar da ita, wani sinadari wai shi silika da ke shigowa ta sabon yashi ko ruwan famfo. Ya tambaye ni ko ina ƙara ruwan famfo. Har haushi na ji, ni da nake tsayuwa gaban matatar ruwanka tana ɗiga kamar mai rowa! Na canja kayan cikin matatar, na zuƙe saman yashi da tiyo, na saka katantanwar da ya ba ni don ta cinye ƙurar. Ƙurar nan ko gezau.

Rannan na manta makullin ofis na juyo gida. Ina shiga falo sai ga Baba a tsaye, ya jingina sanda, jug a hannun hagu, yana tuttula ruwan famfo cikin tankin a hankali. Ashe duk lokacin da ruwa ya sauka ƙasa da layin da ka ja a gilashi, shi ke cikawa. Mama ta sani sarai. Da na tsare ta, ta ce tun da ya kwanta wannan ne aikin farko da ya yi da hannunsa, ita ba ta da bakin hana shi.

Na yi masa bayani cikin ladabi, na ɗauka shi ke nan. Washegari bai fito ba, haka ranar da ta biyo, abinci ma sai a ɗaki. Gaskiya na tsorata, Yaya, na ji da ma ban yi magana ba. Na shiga na durƙusa na ce masa ruwan nan dole a riƙa cikawa, ni kuma ina wurin aiki, ba ni da wanda zan bar wa. Ya ce wanda ya ɓata abu ba shi ake ba gyara ba. Na ce to sai dai kifin su zauna haka, don ni ba zan ƙara ko cokali ba. Na sayo jarka mai ɗan famfo, na cika da ruwan matata, na ɗora a kan tebur kusa da kujerarsa, na yi tafiyata.

Da na dawo, ruwa na kan layi daidai. Yanzu har faɗa yake mini in jarkar ta yi ƙasa. Ƙurar ba ta tafi duka ba, mai shagon ya ce sai silikar ta ƙare a hankali, ni kuwa ina da tsumma kuma ina da haƙuri. Saboda haka kada ka sake yi mini zancen kwashewa.

Mama tana gaishe ku, ta ce a turo hoton yara. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan Auta. Baba ya ce in gaya maka, in ka dawo ka nemi wani tankin, wannan ya riga ya yi mai shi.

Taka ƙanwa,
Mai Taurin Kai