Baƙin Mai a Igwar Kabewa

Anti Wilma,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Saura mako uku gasar harba kabewa ta garinmu, ni kuwa ko abinci ba ya shiga mini.

Shekararmu talatin da huɗu da aure da mijina Lowell. Tun da ciwon gwiwa ya sa ya sayar da shanun madararmu, ba shi da zance sai na igwar kabewa. Kin san irinta: tankin iska da dogon bututu, a ɗura iska, a ja igiya, kabewa ta tashi ta faɗa can tsakiyar gonar masarar da aka girbe. Ban taɓa hana shi ba. Ni ce ma nake shuka masa fararen kabewar nan masu taurin ɓawo, kuma a al'adar gasarmu matar mai igwa ce take jan igiya. Sunana ne a jikin tankin da jan fenti.

Shekara uku a jere maƙwabcinmu Orrin yana kayar da shi, bara da ƙafa sittin kacal. Har yau in sun haɗu a shagon kayan gona sai Orrin ya tambaye shi ko kabewar tasa ta iso, ko tana hanya.

Asabar ɗin da ta wuce bawul ɗin da yake sakin iskar tankin ya cije, Lowell ya labta masa baƙin man tarakta. Da na ja igiya sai na ji wata ƙara ba irin ta kullum ba, ga hayaƙi, ga wari kamar an tada tsohuwar mota. Kunnena na hagu ya yini yana ƙugi. Kabewar ta yi fata-fata a sama, amma wani guntunta ya yi nisa har ya tsallake shingenmu. Shi ke nan, mutumin nan ya dubo ni yana washe baki ya ce, "Tsohuwa, dizal ke nan. Iska ta matsu, mai ya kama da kansa, ba filogi ba ashana. Bana sai dai Orrin ya shaƙi hayaƙina."

Yanzu so yake ya yi hakan da gangan ranar gasa. Dokar gasar ta ce iska kawai, shi kuwa wai ai shafawa ya yi, ba wuta ya kunna ba. Tankin nan a gwanjo ya saye shi, ba mu san shekarunsa ba. Mai duba igwogin kuma ƙanena ne Dwight. In na faɗa masa, za a dakatar da Lowell shekara uku, na san kuma ba zai yafe mini ba. In na yi shiru, ni ce a tsaye taku uku daga tankin, jama'a a bayana zaune a kan damin ciyawa. Tsoro nake ji, Anti, kuma tausayinsa nake ji. Yaya zan yi?

Mai Jan Igiya, daga Indiana

Ƴar'uwa Mai Jan Igiya,

Na kai wasiƙarki wurin wani tsohon makanikin tarakta da na yarda da shi. Ya ce mijinki bai yi ƙarya ba, iskar da aka matse farat ɗaya tana yin zafin da zai kunna mai. Sai dai injin dizal ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera don wannan dukan, kuma da awo yake shan mai. Igwar kabewa ba haka take ba. Yawancin lokaci man ba zai kama ba sam, ran da ya kama kuma ba wanda ya san ƙarfinsa ko ta inda zai fita. Ya ƙara da cewa kabewa turi take so a hankali cikin dogon bututu, ba mari ba. Kin gani da idonki ranar Asabar, kuma guntun ɓawo ba ya cin gasa.

Kada ki ɗauki mijinki mahaukaci. Mutumin da ya saba tashi tatsa shekara talatin, aka wayi gari ba shanu, dole ya nemi abin da zai ɗaga kai da shi a gari. Zolayar Orrin tana cinsa fiye da yadda yake nunawa. Amma wannan ba ta ba shi izinin ajiye ki kusa da tankin gwanjo mai maiƙo ba.

Kada ki je wurin Dwight a ɓoye, wannan ita ce ɓarakar da ba za ta gyaru ba. Gobe in kun zauna karin kumallo, ki faɗa wa Lowell a fuskarsa: sai an wanke bawul da bututu tas, an kai tankin an gwada ƙarfinsa, shi da kansa ya kira Dwight ya duba, sannan za ki taɓa igiya. In ya ƙi, ki gaya masa ranar da za ki kira ƙanenki, ki kuma kira. Bayan haka ki taya shi neman ƙafa sittin ɗin nan ta halal, ki zaɓo masa kabewar da ta fi tauri da zagaye, tunda ke kika shuka su.

Zai yi fushi, ƙila ya yi mako bai kula ki ba. Bar shi ya yi fushinsa da idanunsa biyu lafiya da yatsunsa goma, ke ma da naki. Allah ya huci zuciyarsa, ya kai kabewarku gaban ta Orrin lafiya.

Anti Wilma