Agogon Usta Annur Ya Riga Rana

Daga Sarkin Masu Gyaran Agogo na ƙasar Wadai baki ɗaya, zuwa ga Adum ɗan Usta Annur, mai sayar da agogon batir a Njamena.

Bayan gaisuwa irin ta manya, ina tambayar lafiyarka da ta maiɗakinka Ashta, da ɗan jaririn da har yau mutanen garinku Abeshe ba su ga fuskarsa ba. Allah ya raya.

An kawo ƙara fadata a kan ƙanenka Kamis, wannan mara kunyar da ya taɓa ɗaure maka wando da igiyar jaki. Ka san tun da idon mahaifinku ya tafi, aiki ɗaya ya rage masa. Agogon bangonsa yana nan a kan tsarin kakanni, sha biyu tana cika ne da faɗuwar rana. Yakan zauna a ƙofar gida yana ƙirga bugu, in ya kai sha biyu ya ɗaga sanda, ladan Jibrin ya kira magariba. Jibrin yana da ido, yana ganin rana sarai, amma bai taɓa kira ba sai sandar ta tashi.

To, Kamis ya ce bari ya gwada ko tsohon zai gane agogo ba hannu. Ya zare fil ɗin da ke riƙe hannayen, ya cire dogon hannu da gajere. Da ya ga abin da sauƙi, ya cire fuskar ma, ya fito da 'yan faya-fayan nan masu haƙora da ke juya hannayen, wai zai wanke su da kananzir a yabe shi. Ya mayar da komai. Abin da ya manta shi ne wanda ka sha faɗa masa kana ja masa kunne: a bar agogo ya buga tukuna, a ƙirga, sannan a ɗora gajeren hannu a kan abin da ya buga. Shi ya ɗora ne yadda ya yi masa kyau a ido. Fuska tana faɗin abu ɗaya, bugu yana faɗin wani.

Ran Laraba agogo ya buga sha biyu, tsoho ya ɗaga sanda. Jibrin ya dubi sama ya ce, "Usta, rana fa tana kan dabino. Ko yunwa ce ta ɗaga sandar?" Masu shan shayi suka fashe da dariya, wani ya ce, "A kawo wa Usta wainar kisra, magaribarsa ta yi." Ba mugunta suka nufa ba. Tsoho ma ya yi murmushi, ya laluba bango ya shiga gida.

Tun daga ranar nan, Abba bai sake zama a ƙofa ba.

Kamis ya durƙusa ya faɗa masa gaskiya. Abba ya shafa kansa ya ce, "Kai ɗan banza, yau kuma wasan tausayi ka ɓullo da shi? Agogon nan hannun Adum ne a cikinsa, ba ya ƙarya. Ni ne ƙirga ta fara kuɓuce mini." Yaron ya rantse har da Alƙur'ani a hannu. Amma wanda ya taɓa sa gishiri a shayin liman ya rantse cewa sukari ne, wa zai saurare shi? Ya sake buɗe agogon don ya gyara, fil ɗin ya faɗa cikin yashi, yanzu dogon hannu yana kama gajere su tsaya tare. Ya tsayar da agogon gaba ɗaya. Abba ya ce to ga shi kunnen ma ya bi ido.

Ba ya cin abinci sosai. Jibrin ya zo ba da haƙuri, bai fito ba.

Na san yadda kuka rabu da Abba, da maganar da ya faɗa a kan agogon batir da masu sayar da shi. Ban ce ka manta ba. Amma a Abeshe akwai masu gyara, ba su nake nema ba. Ko sun gyara, ba zai yarda ya taɓa lalacewa ba. Kai kaɗai ne in ka ce, "Abba, agogon ne, ba kai ba," zai ji. Ka taho da fil. Direban da ya kawo maka takardar nan zai juyo ran Asabar.

Na so in kai ƙarshe da sarautata, ko ka yi dariya kafin ka yi fushi, amma na ga tun tuni na rubuta Abba ban sani ba, kuma wannan ajamin mai kama da sawun kaza ba ka da wanda zai yi maka shi sai mutum ɗaya. Babu wani sarki, Yaya. In ka zo ka ja mini kunne a gaban Abba, da ƙarfi, yadda zai ji ihuna ya yarda.

Ka gaida Ashta.

Ƙanenka,
Kamis